Maganin Ƙarin Jini Da Bitamin Na Ruwa: Ina Amfani Ya Tsaya, Ina Illa Ta Soma?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, washegarin Babbar Salla



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake tara mu a wannan farfajiya cikin ƙoshin lafiya. Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takarda cewa ana so in yi magana a kan kiwon lafiya, sai na ce masa ya yi ɓatan kai, domin ni alli da allo na sani, ga kuma 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan jinya birjik a garin nan. Da na kwana ina juya maganar sai na ga akwai wani sashe na kiwon lafiya wanda rabinsa karatu ne, rabinsa lissafi, wato karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani da auna abin da za a sha. Wannan kuwa aikin malamin firamare ne. Don haka na amsa, na kuma kai ƙididdigar da zan ambata gaban ɗaya daga cikin 'ya'yanmu masu harhaɗa magunguna ya duba mini, kamar yadda nake duba littafinsa na lissafi shekarun baya.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi a zuciyata. Bara da damina matar ɗana ta haihu, aka sayo mata kwalbar maganin ƙarin jini, irin mai kauri mai zaƙin nan da kowa ya sani. Ran nan da hantsi ta sha nata cokali, ta aje kwalbar a bakin gado, ta leƙa madafa. Ko da ta dawo sai ta tarar da yayan jaririn, yaro ɗan shekara biyu da rabi, zaune dirshan da kwalbar a hannu, baki da riga duk sun yi dumu-dumu. Bai jima ba ya yi amai sau biyu, ya yi kuka, barci ya kwashe shi. Zuwa la'asar ya farka ya shiga wasansa kamar ba shi ba. Kakarsa ta ce mini, "Malam, ai shi ke nan, ya amayar da shi." Wata maƙwabciya ta ba da shawarar a ɗura masa manja. Ni kaina, gaskiya, hankalina ya kwanta. Allah dai ya sa na buga wa wani tsohon ɗalibina ma'aikacin jinya waya don in ba shi labari. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "Malam, don girman Allah ku ɗauko shi yanzu, kuma ku taho da kwalbar." Kwana biyu muka yi a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa, ana duba jininsa. Likita ya auna abin da ya rage a kwalbar, ya auna nauyin yaron, ya yi lissafi, ya ce Allah ya taƙaita, wanda ya zube a riga ya fi wanda ya shiga ciki. Yaron ga shi can yana ta guje-guje a bayan rumfa. Amma tun ranar ban sake duban kwalbar nan da idon da nake dubanta da ba.

To, me ke cikin waɗannan kwalabe? Galibinsu gauraye ne na abu biyu. Akwai bitamin, sa'an nan akwai ma'adinai, wato ƙarfe da tutiya da tagulla da aidin da wani da ake kira saliniyam. Waɗannan ma'adinai jiki ba ya iya ƙera su, sai ya samo su daga abinci, kuma ba ya rayuwa in babu su. Sai dai abin da yake bukata daga gare su ɗan mitsitsi ne ƙwarai, har ya sa ba a auna shi da giram. Bari in koma aji na ɗan lokaci: giram 1 miligiram 1,000 ne, miligiram 1 kuma maikurogiram 1,000 ne. Dunƙulen magi guda ɗaya nauyinsa wajen giram 4 ne. To, duk ƙarfen da ke jikin ƙaton namiji, na jini da na hanta da na ɓargo, bai wuce nauyin dunƙulen nan ba. Aidin kuwa baligi na bukatar maikurogiram 150 a yini. In ka ninka wannan da kwanakin shekara, ka sake ninkawa da shekara 70, ba za ka kai giram 4 ba. Ke nan abin da zai ishi mutum tun daga zanen goyo har tsufa bai cika ƙaramin cokali ba. Abin da ake bukatarsa ƙanƙane haka, kuskure kaɗan ya isa ya kai shi ninki goma ko ninki ɗari.

Mutanenmu sun ɗauka duk abin da aka kira bitamin ba ya illa, wai in ya yi yawa fitsari ke fitar da shi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin bitamin C da yawancin dangin bitamin B haka suke, shi ya sa fitsarin mai shan su ke yin rawaya. Amma ƙarfe ba haka yake ba. Allah bai yi wa jiki wata ƙofa ta musamman ta fitar da rarar ƙarfe ba. Abin da ke fita kullum ɗan kaɗan ne, ta ɓawon fata da na hanji, sai kuma ta zubar jini. Dabarar jiki ita ce ya tsare ƙofar shiga: hanji ya ɗauki abin da ake bukata daga abinci, ya bar saura ya wuce. Idan aka antayo ƙarfe mai yawa a lokaci guda, sai ya ƙone bangon ciki da na hanji, ya kutsa cikin jini ba tare da izini ba, ya nufi hanta da zuciya. Bisa ma'aunin masana abinci na Amurka na shekarar 2001, namiji baligi na bukatar miligiram 8 a yini, mace mai al'ada 18, mai juna biyu 27, yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku 7. Suka kuma yanke cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 45 a yini sai da umarnin likita.

Yanzu ga lissafin da likitan nan ya yi a gabana. Likitoci sun san cewa idan mutum ya sha ƙarfe miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyinsa, alamun guba kan soma bayyana. Idan ya kai 60 a kan kowane kilo, rai na cikin haɗari. Mu ɗauki yaro mai kilo 10. Miligiram 200 zai sa shi amai da gudawa, 600 na iya kashe shi. Mu kuma ɗauki kwalba, a matsayin misali kawai, mai mililita 200, wadda aka rubuta cewa kowane ƙaramin cokali na mililita 5 na ɗauke da ƙarfe miligiram 25. Cokali 40 ke nan a kwalbar, ƙarfe miligiram 1,000. Cokali 8 sun isa su kwantar da yaron. Cokali 24, wato rabin kwalba da ɗan ɗori, sun kai shi bakin kabari. Wane yaro ne zai ga abu mai zaƙi kamar zuma ya tsaya a cokali takwas? Kwalabe sun bambanta, wata ƙarfenta bai kai haka ba, wata ya fi, bitamin na yara ma galibi ƙarfensu kaɗan ne. Shi ya sa ɗalibina ya ce a taho da kwalbar.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaudarar da gubar ƙarfe ke yi. A cikin sa'o'i shida na farko akan ga amai da ciwon ciki da gudawa, wani lokaci har da jini. Daga nan sai yaro ya yi kamar ya warware, na wasu sa'o'i, wani lokaci har kusan kwana guda, alhali kuwa ƙarfen yana can yana ɓarna a ɓoye. Bayan wannan lafawa ne jini ke faɗuwa, hanta ta gaza, yaro ya suma. Wanda ya tsira ma, bayan makonni tabon ƙunar na iya toshe masa mafitar ciki. Lafawar nan ita ce ta kusa ruɗin mu a gidana. Manja ba ya maganin wannan, madara ba ta yi, gawayi ma da likitoci ke amfani da shi a kan wasu gubobi ba ya kama ƙarfe. Kada kuma a tura wa yaro yatsa a maƙogwaro. Akwai allura takanas da ke ɗaure ƙarfen ta fitar da shi ta fitsari, amma sai a asibiti, kuma sai an kai da wuri. Kada mu zaci sakacinmu ne kaɗai ke jawo wannan. A Amurka, tsakanin 1983 da 2000, aƙalla yara 43 ne suka rasu saboda shan magungunan ƙarfe, har a 1997 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin ƙwayoyin da ke ɗauke da shi.

Kada iyayenmu mata su ji wannan su watsar da maganin da ake ba su wurin awon ciki. Wannan kam a sha, a kuma dage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da sinadarin folik, domin ƙarancin jini na cikin abubuwan da ke sa mata rasa rai wajen haihuwa. In bayan gida ya yi baƙi saboda shi, ba wani abu ba ne. Inda matsala take shi ne a karɓo na asibiti, miji ya sayo tonik a kemis, uwar miji ta aiko da wani daga birni, ƙawa ta kawo na huɗu wanda ta gani ana talla a waya, a haɗa duka ana sha. Sunayensu daban-daban, launinsu daban-daban, amma ƙarfen cikinsu guda ne, kuma jiki tarawa yake yi.

Akwai kuma wata ɗabi'a tamu da nake so mu dube ta da idon basira. Da zarar an ga yaro ya ɗashe, idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, sai a ce ba shi da jini, a aika kemis. Gaskiya ne ba shi da jini, amma me ya cinye jinin? A ƙasarmu sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko tsutsar ciki, ko sikila. In sauro ne ko tsutsa, zuba tonik kamar ɗura ruwa ne a tulun da ya tsage. Abin ma ya wuce asarar kuɗi. A tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda zazzaɓin ya yi katutu kamar nan, an yi wani babban gwaji a kan ƙananan yara fiye da 24,000. Aka riƙa ba wasu ƙarfe da folik kullum ba tare da an tantance ko suna da ƙarancinsa ba. A 2003 dole aka dakatar da bayarwar, domin an ga waɗanda ke shan sa sun fi sauran kwanciya asibiti ko rasuwa da kashi 12 cikin ɗari. An buga sakamakon a 2006. Ashe ƙwayar cutar ita ma tana son ƙarfe. Yaran da ke da ƙarancinsa na haƙiƙa sun amfana, waɗanda ba su da shi ne abin ya cutar. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 shi ne a irin yankunanmu a ba yara ƙarfe tare da rigakafin zazzaɓin da gwajinsa da maganinsa, ba shi kaɗai ba.

Batun sikila kuwa ya fi kusa da mu, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita, kuma da wuya a sami zuri'a a wannan taro da ba ta taɓa ba. Jinin mai sikila yana raguwa ne saboda ƙwayoyin jininsa na saurin fashewa, ba don ƙarfe ya yi masa kaɗan ba. Ƙarfen ƙwayoyin da suka fashe yana nan a jikinsa, kowace leda ta jini da aka ƙara masa kuma da nata ƙarfen take zuwa. Wanda ake yawan yi wa ƙarin jini har magani ake ba shi na rage ƙarfe. Na sha ganin uwa, saboda tsabar tausayi, tana sayar da akuyarta tana saya wa irin wannan yaro tonik kwalba bayan kwalba. A bar likitansa ya faɗi abin da zai sha.

Wani zai ce, to in na bi ƙa'idar da aka rubuta fa? A nan ne zan ba ku labarin wani abu da ya faru a Amurka a 2008. Akwai wani maganin bitamin da ma'adinai na ruwa mai suna Total Body Formula, wanda mutane ke sha don ƙarin kuzari. An rubuta a jikinsa cewa kowane awo na ɗauke da saliniyam maikurogiram 200. Sai masu shan sa suka fara gudawa da kasala da ciwon gaɓoɓi, gashin kansu na zuba, faratansu na canza launi suna karyewa. Da aka kai kwalaben ɗakin gwaji sai aka tarar an yi kuskure wajen haɗawa, saliniyam ɗin da ke ciki ya ninka abin da aka rubuta kusan sau 200, wato fiye da maikurogiram 40,000 a awo ɗaya, alhali baligi 55 kacal yake bukata a yini. Masu bincike sun ƙirga mutum 201 a jihohi 10 da abin ya shafa, wasunsu bayan wata uku ba su gama murmurewa ba. Ma'aunin kamfani ne ya goce. Ido ba ya ganin bambancin maikurogiram 200 da 40,000 a cikin ruwa, harshe ma ba lalle ya ji ba. In haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji ko'ina, sai mu tambayi kanmu wa ya auna wanda ake haɗawa a bayan gida a ɗura a gora, a kawo tasha da lasifika ana cewa yana maganin cuta arba'in.

Abin mamaki, shi wannan saliniyam da ya zubar wa Amurkawa gashi, rashinsa ma cuta ne. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ba ta da shi, an daɗe ana fama da wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata, har aka sa wa ciwon sunan gundumar. Nan gida ma, wani bincike da likitocin zuciya na Kano suka buga a 2015 ya nuna yawancin matan da zuciyarsu ta kumbura bayan haihuwa suna da ƙarancinsa a jini. Abu guda ne, a wurin wata magani, a wurin wani guba, kuma gwajin jini ne kaɗai ke raba gardama.

Tutiya da aidin ba zan daɗe a kansu ba. Tutiya ita ce zinkin da ake ba yara masu gudawa tare da ruwan gishiri da sukari, miligiram 20 a yini har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Wannan ya ceci rayuka masu yawa. Amma baligin da ya lazimci shan fiye da miligiram 40 kullum wata da watanni, tutiyar kan hana hanjinsa ɗaukar tagulla, ƙarshenta ya sami ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa. Ka ga mai neman jini ya ƙare da rasa shi. Aidin kuwa, waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu yankuna kafin a wajabta zuba shi a gishiri a farkon shekarun 1990. Mai cin gishirin leda mai aidin ba ya bukatar ɗigon wani aidin na kwalba, yawansa ma kan rikita wannan halitta ta wuya da ake son karewa.

Saura kalmar da 'yan talla suka fi so, wato "na asali ne, daga ƙasa aka samo shi, babu sinadarin Bature." Yanzu har akwai 'yan kwalabe masu ɗigo da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, wai suna ɗauke da ma'adinai saba'in da wani abu da aka tatso daga duwatsu ko daga teku. Jikin ɗan Adam bai san abin da zai yi da ma'adinai saba'in ba. Waɗanda aka tabbatar yana bukata ba su kai rabin haka ba. Ƙasa kuwa ba ta tsince wa kowa mai amfani daga mai kisa. Dalma ma daga ƙasa take. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400. Ko kanwarmu ta gado, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta, na da hannu a ciwon zuciyar masu jego, saboda gishirin kanwa na tara ruwa a jiki. Ba ina zagin al'adar iyayenmu ba ne, ni ma da kunun kanwa aka yi jegona. Amma ko su tsofaffin ungozomomi sun san kanwa da ƙima ake jefa ta.

To, me mai saye zai duba? Farko lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da sunan kamfani da adireshinsa. Mun ga darajar wannan sa-ido a ƙarshen 2008 da farkon 2009, lokacin da maganin haƙoran jarirai na My Pikin ya kashe yara 84 saboda gurɓataccen sinadarin da aka dama shi da shi. Sai dai lambar ba ta ce kai kana bukatar maganin ba, ba ta kuma ce duk abin da mai talla ya faɗa gaskiya ne ba. Sa'an nan a nemi inda aka jera abubuwan da ke ciki da adadin kowanne. Kwalbar da ta ce tana da ma'adinai amma ba ta faɗi miligiram nawa ba, a mayar wa mai ita. Mai ciwon sukari ya duba sukarin ciki. Mu duka kuma mu duba, domin wasu tonik ɗin akwai barasa a cikinsu, an kuwa rubuta, karantawa ce ba mu yi. Mai ciwon ƙoda ko hanta kada ya kusanci ko ɗaya sai likitansa ya sani. Wanda aka ɗora a kan wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su sifuro da tetarasaikilin, ya sani ƙarfe da tutiya na ɗaure su a ciki su hana su aiki, don haka ya tambayi tazarar da zai bari tsakaninsu.

Sai cokali. Idan aka rubuta ƙaramin cokali, mililita 5 ake nufi. Babban cokali 15 ne, ninki uku. Na tara cokulan gidana guda shida na auna su da sirinji, ban sami biyu da suka yi daidai ba. Wanda kuma ke kafa kai a bakin kwalba ya kurɓa, wannan ba shi da ma'auni sai na maƙogwaronsa. A yi amfani da ɗan kofin da ke zuwa a kan murfi, ko a sayi sirinji marar allura. A girgiza kwalba kafin a zuba, don kada mai kauri ya kwanta a gindi. Kada kuma mu riƙa rarrashin yaro da cewa "sha, alewa ce," domin zai yarda da mu, kuma zai nemi alewarsa ranar da ba ma nan.

Ga mai lafiya wanda likita bai ce masa komai ba, kuɗin kwalba ɗaya zai fi yi masa amfani a wurin mahauci da mai ganye. Hanta da nama da kifi suna da ƙarfen da jiki ya fi saurin ɗauka. Wake da gero da zogale da alayyafo da riɗi da daddawa su ma suna da rabonsu, musamman in an haɗa da abu mai bitamin C irin lemo da gwaiba da tumatir da garin ƙwame na 'ya'yan kuka. Shayi kuwa na rage ɗaukar ƙarfe, gara a jinkirta shi bayan cin abinci. Na san wannan ba za ta yi wa majalisar masu shayi ta bakin kasuwa daɗi ba, amma sai haƙuri.

Mai girma shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya, kuma ba mai tsada ba ne. Ina roƙon kwamitin lafiya ya zauna da masu kemis na garin nan, waɗanda duk 'ya'yanmu ne, a daidaita cewa ba za a sayar da maganin ƙarin jini don ƙaramin yaro ba sai da takardar asibiti, kuma duk kwalbar da ba ta da kofin awo a haɗa wa mai saye da sirinji. Ina roƙon a ware wani abu daga asusun bana a taimaka wa ɗakin shan maganinmu da kayan gwajin jini da na zazzaɓi, yadda uwa za ta san abin da ke damun ɗanta kafin ta kashe ko sisi. Ina kuma roƙon shugabar ɓangaren mata ta kai wannan magana makarantun Islamiyya na matan aure da wuraren suna, musamman batun lafawar nan mai ruɗi, da cewa a kai yaro asibiti tare da kwalbar ko da yana wasa. Mu magidanta kuma, kafinta bai fi kwana ɗaya ba zai haɗa ɗan akwati mai kwaɗo a kafe shi sama da bango. Nawa na nan a zaure, wanda ke son ganin samfuri ya biyo bayan taro.

 Allah ya maimaita mana, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya.